Hogan ko Undertaker, Shago ko Kantu: Me Ya Sa Gardamar Nan Ba Ta Ƙarewa?

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri da duk inda neman abinci ya kai mu. Daga Uba nake rubuto wannan, kwana huɗu da dawowarmu daga Lokpanta, inda muka kai shanun Baba.

Duk wanda ya taɓa bin tirela daga Mubi zuwa Kudu ya san tsawon hanyar. Ka wuce Hong da Gombi da Song, ka ƙetare Binuwai a Jimeta, ka kama hanyar Jalingo da Wukari, kana zaune a kan katako saman ƙahonin shanu, waya ba caji. Abin da ke rage hanya shi ne gardama. Wannan karon wani yaron mota ne ya tayar da ita tun kafin Numan, da ya ce wai ba a taɓa yin ɗan resilin kamar Roman Reigns ba. Kawuna, wanda ya haura hamsin, ya kalle shi ya ce, "Yaro, ka san Hogan kuwa?" Shi ke nan. Har muka sauke shanu ba a rabu ba. Da dare a wajen mai shayi sai ga wani dattijo ɗan Maraɗi ya shigo ciki, ya ce mu duka muna ɓata bakinmu ne a kan 'yan wasan kwaikwayo, in ana maganar maza a kira masa Kantu.

Na yi ta tunanin abin a hanyar dawowa, sai na ga musun namu kamar na mutum uku ne da suka tsaya a kan sa guda a kara. Mahauci nama yake dubawa. Makiyayi yana duba iri da ƙafa, ko zai jure tafiya. Dillali kuwa abin da ya dame shi nawa za a taya. Kowa a cikinsu ya san shanu, amma in ka ce su faɗi san da ya fi, sai a kwana ba su daidaita ba. Haka muke yi da maganar gwanayen kokawa: kowa da ma'auninsa a aljihu, ba wanda ya fito da shi ya ajiye a fili.

Bari mu fara da abin da yake ɓata wa wasu rai. Resilin, wato kokawar Turawa irin ta WWE, shiryayyen abu ne. Tun kafin su hau dandamali an riga an tsara wanda zai yi nasara da yadda wasan zai ƙare. Ba zargi ba ne wannan, kamfanin da kansa ya amsa haka a 1989 a gaban majalisar jihar New Jersey ta Amurka, don a daina sa masa dokoki da kuɗaɗen da ake sa wa wasanni irin su damben boksin. Amma kada wannan ya sa ka ce ba a jin jiki. A 1997 an doka kan Steve Austin da ƙasa ba daidai ba, wuyansa ya samu mummunan rauni, kuma ciwon nan na cikin abin da ya sa ya ajiye wasa a 2003. A 1998 Undertaker ya wurgo Mick Foley daga saman kejin ƙarfe ya faɗo kan teburi. A watan Mayun 1999 Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City lokacin da ake sauko da shi da igiya, ya mutu a ranar. Labarin ne ake tsarawa, faɗuwar kam da jikin mutum ake yinta.

To in haka ne, "wa ya fi ƙarfi" ba tambaya ba ce a resilin. Kambu a can ba wanda ya kayar da kowa ake ba wa ba, wanda kamfani ya ga zai cika masa zaure ake ba wa. Ma'aunin dillali ke nan. In ka gane wannan, rabin gardamar majalisa ta mutu.

Su Baba ba ma da Hogan suka fara ba. A shekarun 1970 da farkon 1980, sunayen da ke bakin mutane a Najeriya su ne Mighty Igor da Mil Mascaras, mai rufe fuska ɗan Meziko, da kuma namu na gida, Power Mike. Sunansa Michael Okpala, Ibo ne ɗan Neni a jihar Anambra ta yanzu, kuma ya zauna a Kano yana saurayi kafin ya yi suna. Bayan ya daina wasa ya koma shirya wasanni yana kawo 'yan kokawa daga waje, ya rasu a 2004. Ku da ke Onitsha da Aba, ku tambayi kowane dattijon Ibo a layinku, za ku ji yadda zai saki baki. Baba ya ce a zamaninsu talabijin ɗaya ce a unguwa, baƙi da fari, kuma ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa shiri ne. Mutumin da ya kalli abu da wannan zuciyar, kana ganin za ka zo yau ka canza masa ra'ayi da bidiyon waya?

Zamanin Hogan, wanda Kawu ke mutuwa a kansa, ya fara ne bayan Vince McMahon ya sayi kamfanin daga hannun mahaifinsa a 1982. Da can kowane yanki na Amurka da nasa kamfanin resilin, kamar yadda kowane gari ke da nasa sarkin pawa, ba mai shiga gonar wani. McMahon ya taka wannan al'ada, ya riƙa ɗauke taurarin wasu yana watsa wasansa a talabijin ƙasa baki ɗaya. An yi WrestleMania ta farko ranar 31 ga Maris 1985 a New York. A ta uku, 1987, Hogan ya ɗaga Andre the Giant ya maka shi da ƙasa, kamfanin ya ce mutum 93,173 ne a filin. Hogan ya riƙe kambu kwana 1,474 a jere daga 1984 zuwa 1988. Hujjar Kawu mai ƙarfi ce: ba don Hogan ba, da resilin bai iso Mubi a kaset ba. Amma ka sake kallon wasanninsa yau da idon basira. Kusan duk iri ɗaya ne. A dake shi, a dake shi, sai ya fara girgiza kai yana kaɗa yatsa, ya yi naushi uku, ya daka tsalle ya sauke ƙafa a wuyan mutum, alƙali ya ƙirga. Ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 71, kuma ranar Kawu ya kira ni daga Legas kamar an yi mana rasuwa a dangi.

A nan ne ni da Kawu muka rabu. In ana maganar zamani, ba mutum ɗaya ba, ni a ganina ba kamar 1996 zuwa 2001, kuma dalilina dalilin ɗan kasuwa ne. Duk wanda ya tsaya a kara ya san bambancin ranar da mai saye ɗaya ne da ranar da manyan masu saye biyu suka haɗu a kan garke guda. A 1995 kamfanin WCW, na attajiri Ted Turner, ya buɗe shirinsa na Nitro a daren Litinin, daidai lokacin da ake nuna Raw. Ya zuba kuɗi ya kwashe su Hogan da Randy Savage, a 1996 kuma ya yi abin da ba wanda ya zata, ya mayar da Hogan mugu, ya sa masa baƙaƙen kaya a ƙungiyar nWo. Mako 83 a jere WCW tana gaba a yawan masu kallo. McMahon ya ga kasuwa za ta kuɓuce masa, dole ya fito da sababbin mutane ya sakar musu mara. Daga nan Austin ya fito, da The Rock, da Triple H, da Kane. Labarin da ya fi cin kasuwa shi ne na Austin da McMahon kansa, wato yaron gida da ke dukan maigidansa duk mako, jama'a na ihu. Wanda ya taɓa yi wa wani aiki ya sha zagi ya haɗiye, ba sai an fassara masa Turancin ba. A Maris 2001 McMahon ya saye WCW ɗungurungum, gasar ta mutu. Shekara guda bayan nan aka canza sunan kamfanin daga WWF zuwa WWE, saboda wata ƙungiyar kare namun daji mai irin haruffan ta yi nasara a kansu a kotu.

Amma gaskiya ɗaya ce, ban ga wannan zamanin da idona ba lokacin da ake yinsa, daga baya na bi shi a faifai da waya. Kuma akwai abubuwan batsa da rashin kunya a cikinsa da ba za ka iya kallo da ƙannenka a ɗaki ba. Wannan ma ma'auni ne, kuma ban raina wanda ya ce saboda haka ya ƙi shi ba.

Mu namu zamanin na John Cena ne, da Rey Mysterio da Batista da Randy Orton da Great Khali, wanda muke so saboda ɗan Indiya ne kamar jaruman finafinan da iyayenmu mata ke kallo. Faifan CD ake kawowa daga kasuwar Mubi, wani lokaci wasan ya yi wata biyu da wucewa, mu a wajenmu sabo ne. A biya naira goma ko ashirin a gidan kallo, janareto na ƙara, in ya ɗauke a tsakiyar wasa a yi ta zagin mai gidan. Har yau ina tuna ranar da aka sa faifan WrestleMania ta 30, ta 2014. Undertaker ya yi wasa 21 a wannan biki ba a taɓa kayar da shi ba, sai ga Brock Lesnar ya danne shi alƙali ya ƙirga uku. Gidan kallo ya yi tsit. Wani ya ce faifan jabu ne, a mayar baya. Aka mayar har sau uku. Watanni kaɗan bayan nan, a ƙarshen Oktoba, Boko Haram suka shiga Uba da Mubi, muka bar gari da ƙafa. Yaran da muka kalli faifan nan tare, wasu suna Yola, wasu suna cikinku a Legas da Fatakwal suna acaba da sayar da kayan miya, wasu ban sake jin labarinsu ba. Shi ya sa in wani ya ce min zamanin Cena na yara ne, nakan yarda da shi a baki, amma raina ba ya yarda. Na lura haka kowa yake a majalisa. Kawu ba Hogan kawai yake karewa ba, shekarunsa na samartaka yake karewa.

In aka bi lissafi, kowa yana da abin riƙewa. Cena ya ci kambun duniya sau 17, na ƙarshen a 2025, ya wuce 16 da ake ƙirga wa Ric Flair. Roman Reigns, gwanin yaron motarmu, ya riƙe nasa kwana 1,316 kafin Cody Rhodes ya karɓe a Afrilun 2024. Amma Bruno Sammartino, wanda ba wanda ya san sunansa a tirelar, ya riƙe kwana 2,803 daga 1963 zuwa 1971. Ka ga ke nan lissafin kwanaki ba ya raba gardama, tunda biro ne ke rubuta shi a ofis. Ni in aka matsa min na zaɓi mutum ɗaya, Undertaker zan ɗauka. Ya shigo a 1990, ya fita a 2020. Ya yi da Hogan, ya yi da Austin, ya yi da Cena, ya yi da Roman Reigns, kuma a duk zamanin nan in aka kashe fitila ƙararrawa ta buga, zaure sai ya tashi tsaye. Ma'aunin makiyayi ne nawa, san da ya jure tafiya.

'Yan yanzu suna da abin da mu ba mu samu ba, wato ganin baƙar fata ɗan yankinmu a sama. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, ya ci kambun WWE a 2019. Omos, dogon nan mai ƙafa bakwai da 'yan kai, ɗan Legas ne, haka ma Oba Femi.

Yanzu mu dawo ga dattijon Maraɗi, don shi ne ya fi ba ni aiki. Abin da ya ce yana da tushe. A Nijar kokawa ba ta da marubuci. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ake gasar takobi ta ƙasa, ta farko a Tawa aka yi, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka. A tsarin yanzu jihohi takwas ne, Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo mutum goma, mutum 80 ke nan. Ana zagayawa da gasar jiha zuwa jiha. Wanda aka kai ƙasa ya fita daga neman takobi, ko shi wane ne, ko ya ci bara. Haka za a yi ta tacewa har a rage biyu. Wanda ya tsaya a ƙarshe a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi. Nan ma'aunin mahauci ne, a yanka a ga nama.

Sai na ɗauka tunda akwai rubutaccen lissafi na gaskiya, gardama ta ƙare a Nijar. Ashe ba haka ba. Na ce wa dattijon, "Baba, ai Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas ƙarshen 2023, wa ya kai shi?" Sai ya yi dariya ya ce yaran yanzu suna da masu horarwa da abinci da albashi, su Kantu da Salma Ɗan Rani da Langa-Langa da Kadade daga gona suke fitowa su shiga fage. Ya ce in ina son sanin manya in duba sunayen filayen: na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Na ce to ai wanda ke raye yana wasa ba a cika sa wa fili sunansa ba. Ya ce in sha shayina ya huce. Kalma da kalma, abin da Kawu ke faɗa a kan Hogan shi wannan dattijo ke faɗa a kan Kantu.

Dambe kuwa, wanda ya fi kusa da mu 'yan kara tunda asalinsa wasan mahauta ne, shi ne ya fi ɗaure min kai. Ka shiga kowace majalisa daga Sakkwato zuwa Mubi ka ce wa ya fi kowa a dambe, kafin ka rufe baki za a ce Shago. To su wa suka gan shi? Tsofaffi ƙalilan. Sauranmu a bakin Ɗan Anace muka san shi. Karawarsa da Ɗandunawa da ake ta ba da labari, a waƙar muka ji ta, kuma makaɗin Shago ne ya rera. Da Ɗandunawa ne ya samu makaɗi mai irin wannan baki, wa ya san sunan da za mu riƙa kira yau? Ban ce Shago ba gwani ba ne, Allah ya kiyaye, makaɗi ba ya ɓata shekaru a bayan rago. Abin da nake cewa shi ne, aikin da masu rubuta labari da masu ihu a makirfo ke yi wa Undertaker, shi kalangu da kirari suka yi wa Shago. Bambancin, shi Shago naushin na gaske ne kafin a kai ga waƙar.

'Yan damben yanzu, su Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara da Ebola da Garkuwan Cindo, suna da abin da Shago bai samu ba, kuma abin nan yana cutar da su ta wani gefen. Duk turmin da suka yi, a Kano ne ko gidan Ali Zuma na Dei-Dei ko Legas, akwai waya a sama tana ɗauka. Ranar da ka yi kisa an gani, ranar da aka buge ka ma an gani, kuma 'yan ɓangaren da ba naka ba, Kudu ne ko Arewa ko Guramada, za su yi ta yawo da bidiyon har shekara. Shago ba shi da bidiyon faɗuwa. Ta yaya mai rai zai yi gasa da mutumin da waƙa kaɗai ta rage a kansa?

Abin da ya dame ni a duk tafiyar nan ba wanda ya ci gardamar ba ne. A Lokpanta akwai yara 'ya'yan Hausawa da aka haifa a can, suna jin Ibo kamar ruwa. Suna gefe suna sauraronmu. Da ana maganar resilin su ne ke gyara mana sunaye da shekaru, har wanda ya ci wasan makon jiya sun sani. Da dattijon ya ambaci Kantu, ɗaya ya tambaye ni ko shago ake nufi, wato kantin sayar da kaya. Da aka ce Shago, sai ya ce ai abin da ya faɗa ke nan. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma dattijon bai yi ba. WWE ta adana kusan duk wasan da ta yi tun kafin a haife ni, yaro zai iya kallon Hogan da Andre yau da daddare in yana da data. Mu kuwa 'yan kokawar da suka yi tashe a ƙauyukan Uba da Mubi da Michika bayan girbi, waɗanda Baba ke cewa ana tafiya da ƙafa daga wani gari don a gan su, sunansu yana kan mutanen da suka haura sittin ne kawai.

Da na dawo gida na zauna da Baba bayan sallar isha'i, na kunna rikoda a waya, na ce ya ba ni labarin gwanin kokawar da ya fi burge shi a yankinmu. Ya yi kusan awa guda yana magana, ya kira mutum biyar da garuruwansu da irin kamun kowa. Ana cikin haka maƙwabcinmu, sa'ansa, ya shigo karɓar tocila. Ya tsaya ya ji sunan da Baba ya sa a gaba, ya ajiye tocilar ya ja tabarma ya zauna, ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙanina ma ya kayar da shi."